Tsakanin Kaya da Jiki

A birnin Zariya na tashi, a gidan da abincinsa yake fitowa daga audugar rimi. Babanmu maɗinkin katifa ne, shi ma wurin mahaifinsa ya gada, kuma da katifa aka san shi a unguwa. Amma in na zauna yanzu ina tuna abubuwan da suka bi ta hannunsa, sai in ga katifa kashi ɗaya ce kawai. Yana ɗinka matashin kai, yana cusa tumtum da dukawa suka kawo fatarsa a ɗinke, yana gyaran akumarin jakai, yana yi wa masu dawaki shimfiɗar ƙarƙashin sirdi, in sallah ta gabato kuma a kira shi gyaran lifidi. Duk aikin ɗaya ne: a sa abu mai taushi a inda nauyi yake haɗuwa da jiki, ko na mutum ko na dabba. Ban taɓa jin ya faɗi haka ba. Shi dai in an kawo masa gyara, tambayarsa ta farko ita ce, "Ina yake ci?"

Wanda ya san Zariya a shekarun 1960 zuwa farkon 1970 ya san rimi. Matafiyi in ya doso birni, kafin ya ga ganuwa rimaye yake fara hangowa, sun ɗaga kai sama da kowane soro. Ba banza ake yi masa kirari da adon gari ba. Har yau sunayen unguwanni suna ba da shaida, ga Rimin Doko ga Rimin Tsiwa. Abin da sunayen ba za su gaya wa yaran yanzu ba shi ne, itatuwan nan dukiya ne. Kowane rimi da mai shi. Ana gadonsa, ana jinginar da shi, ana rigima a kansa gaban mai unguwa. Baba yakan sayi 'ya'yan rimi tun suna bisa, wani lokaci tun itacen yana fure. Sai ya tsaya a gindi ya ɗaga kai ya daɗe yana dubawa, sannan ya tafi zauren mai itacen a yi ciniki, da sule da fam kafin naira ta zo a 1973. In shekara ta yi kyau ya ci riba, in iska ta kakkaɓe furen ya rungumi ƙaddara.

Da hunturu rimi yake zubar da ganye ya yi fure. Furen da dare yake buɗewa, da wani wari mai nauyi da ba kowa yake so ba, jemagu kuwa su yi ta kaiwa da komowa a kansa har asuba. Sai da na girma na karanta cewa jemagun nan su suke kai garin fure daga wannan itace zuwa wancan. Zafin bazara na fara shigowa 'ya'yan sun ƙosa, sun rataya dogaye-dogaye, daga kore sun koma ruwan ƙasa. A nan gaggawa take. Dole a sauke su kafin su fashe da kansu, in ba haka ba iska ta kwashe kuɗin Baba ta watsa wa unguwa: auduga a rijiya, auduga a tukunyar miya, auduga a idon jariri, mata kuma su aiko da ƙorafi ta bakin yara. Baba ba ya hawa. Akwai masu hawa, da igiya da doguwar gora mai ƙugiya a baki. Reshen rimi na farko yana can nesa da ƙasa, ga shi da saurin karyewa, shi ya sa Inna ba ta yarda ta kalli mai hawa. Ana farawa take shigewa ɗaki tana addu'a. Mu kuwa muna ƙasa da buhuna muna rige-rigen tsinta.

A cikin gida akwai ɗaki guda da muke kira ɗakin auduga. Nan ake fasa kwanson a zare farin da ke ciki bayan ya sha rana. Aikin da ya fi cin rai shi ne raba auduga da ƙwayarta. Ƙwayar rimi ba ta manne wa auduga yadda angurya take manne wa ta gona, saboda haka ba a gurzawa. Sai a zuba a babban kwando mai zurfi, a sa wata sanda mai kama da maburgin miya a yi ta murzawa da tafin hannu, ƙwaya ta faɗa ƙasa, auduga ta taso ta kumbura. Mai wannan aiki yakan naɗe hanci da baki da rawani, duk da haka in ya fito gashin idonsa fari fat. Doka ɗaya ce a ɗakin nan da ba a sassauta wa kowa: ba a shiga da wuta. Ba fitila, ba aci-balbal, ba garwashin turare, mai shan taba ya tsaya a waje. Audugar rimi ba ta jiran a hura ta, tartsatsi ɗaya ya isa. Tsofaffi da ita suke kama wutar ƙyastu kafin ashana ta wadata. Na taɓa ganin rumfar wani maƙwabcin Baba a kasuwa ta kama. Kafin a ɗebo ruwa babu abin da ya rage sai toka da basilla.

Kaka, mahaifiyar Baba, kaɗi take yi, kuma audugarta daban da tamu. Ta gona take saya, ta gurje, ta shiɓe, ta zauna da mazari da alli. Takan ce audugar rimi malalaciya ce, ba ta yarda a murɗa ta ta zama zare. Gaskiyarta, silinta gajere ne, mai santsi, mai saurin karyewa. A lokacin ta gona tana da manyan masu nema: ana auna ta a kasuwannin auduga, injinan kamfanin Bisije na Zariya da Funtuwa su gurje, ta wuce masaƙun Kaduna, inda ta farko ta fara aiki a 1957. Ta rimi kuwa a unguwarmu cinikinta tsakanin mai itace da maɗinki yake ƙarewa. Amma wajen kwanciya ba ta da ta biyu. Kowane sili nata rami gare shi a ciki cike da iska, bayansa kuma da wani maiƙo da ba ya barin ruwa ya shiga. Shi ya sa ba ta da nauyi, ba ta riƙe gumi, in muka jefa dunƙulenta a kududdufi sai ya yi ta yawo a sama ba ya nitsewa.

Wannan hali nata ya kai ta inda Baba bai taɓa zato ba. A wancan zamani da ita ake cusa rigunan da ke hana mutum nitsewa a teku, waɗanda sojojin ruwa suka sa a Yaƙin Duniya na Biyu. Mafi yawan wadda duniya take saya a lokacin daga tsibirin Jawa take fitowa, a Indunusiya ta yanzu. Da Japan ta mamaye tsibirin a 1942 hanya ta toshe, har aka sa 'yan makaranta a Amurka suna tsinko audugar wata ciyawa, 'yar'uwar tumfafiyarmu, don a maye gurbinta. Da na ba Baba wannan labari bayan na yi karatu, tumfafiyar ce ta ja hankalinsa. Ya ce ai su ma in rimi ya yi tsada sukan cusa ƙaramin matashi da ita, sai dai ba ta daɗewa.

Katifa iri uku ce a rumfarsa. Akwai ta ciyawa, ta mai ƙaramin ƙarfi. Tana ƙara in an juya, tana saurin tara kuɗin cizo, amma ta fi tabarma a kan daɓe lokacin sanyi. Akwai ta audugar gona wadda masu awo suka ƙi saya. Nauyi gare ta, in ta kwana biyu sai ta dunƙule. Sannan ta rimi. Kowace ce, yakan yanka yadi mai ratsi-ratsi ya ɗinke shi ya bar baki ɗaya. Mu ne masu cusawa, da hannu, ana farawa daga kusurwoyi, don kusurwar da aka bari da yunwa ba ta ƙara cika. In ta ɗauka sai a ɗinke bakin, a shimfiɗa ta a yi ta bugu da sanda har audugar ta bazu daidai. Daga nan aikin ya koma hannunsa shi kaɗai. Da basilla da zare mai kauri yake huda ta daga sama zuwa ƙasa, layi-layi, kowane ɗauri da ɗan ƙyalle a ƙarƙashinsa don kada zaren ya yaga yadin. Ɗaurin nan shi yake hana auduga gudu ta taru a gefe ɗaya. In ya tsananta katifa ta yi tauri, in ya yi sako-sako ba ta kai shekara sai ta koma tudu da kwari. Ba ya awo da komai sai tafin hannunsa.

Masu ha'inci sukan bar ƙwaya a ciki don ta ƙara auki, ko su sa tsumma a tsakiya su lulluɓe da auduga. Ƙwayar kuwa mai gare ta, ɓera yana jin ƙanshinta, ya huda katifar amarya tun ba ta fita daga amarci ba. Baba in yana ciniki da wanda bai san shi ba yakan farke ɗan gefe ya ce, "Sa hannunka har tsakiya, Malam, ka ji da kanka."

Kasuwa bayan kaka take buɗewa, in an sayar da gyaɗa da auduga an shiga bukukuwa. Kayan ɗaki a kan uban amarya suke, kuma a wancan zamani da tsayin gado ake gane 'yar gata: gadon ƙarfe mai rumfa, katifu bisa juna, matasai masu ado a sama, har sai amarya ta taka wani abu kafin ta hau. Gwaggonni ne suke zuwa ciniki, kuma ba su da sauƙi. Wata za ta zauna a kan katifa da dukkan nauyinta, ta tashi ta tsaya tana kallo ta ga ko gurbin zai cike. "Malam, marainiya ce fa, a duba mana." Shi kuma ya ce, "Hajiya, 'yarku ai 'yata ce. Allah ya ba su zaman lafiya," sannan ya rage abin da zai iya ragewa.

Katifar rimi ba a sayenta a rabu da maɗinkinta, kuma wannan ne abin da na fi kewa. Auduga tana kwanciya da daɗewa, tana karyewa ta koma gari. Bayan 'yan shekaru sai a naɗo katifar a ɗoro wa yaro a ka a dawo da ita. A farke, a zazzage, a wanke yadin ko a canja shi, a shanya audugar a buge ta, a zubar da wadda ta mutu, a ƙara sabuwa. Katifa ɗaya takan yi ta zuwa tana komawa tun daga amarcin mace har ta aurar da 'yarta. Ta haka Baba ya san gidajen unguwa irin sanin da ko mai unguwa bai yi musu ba. Ya san inda aka yi haihuwa, ya san gidan da yaro yake fitsarin kwance, ya san katifar da gefe ɗaya kaɗai ya lotsa tun da maigida ya rasu. Wani lokaci a tsinci laya a ciki, wani lokaci kuɗin da tsohuwa ta ɓoye ta manta. Laya yakan mayar da ita inda ya same ta ya ɗinke, kuɗi kuma ya ƙulle a ƙyalle ya aika ta hannun babba. Mu kuma an ja mana kunne tun muna ƙanana: abin da ka gani a cikin katifar mutane ba ya fita daga zauren nan. A duk tarbiyyar da na samu a gidanmu ba wadda ta kai wannan.

Majinyata ma da nasu aikin. Tsohon da ya daɗe a kwance, ko wanda shanyewar jiki ta kama, fatarsa takan mutu a inda ƙashi yake danne ta, a ƙugu da kafaɗa da dunduniya, ta zama gyambo. In 'ya'yansa suka zo, Baba yakan bi su har ɗakin, ya gaida mara lafiya, ya duba yadda yake kwanciya, ya dawo ya ɗinka ƙananan matasai, wani na tokare baya, wani na ɗaga ƙafa. Yakan ce musu matashi shi kaɗai ba zai yi ba, sai ana juya mai jiki dare da rana. In ya ga gidan babu, ba ya karɓar komai.

Gammo kaɗai ne ba a kawo masa, don kowa shi yake naɗa nasa. Yarinya tun ba ta iya ɗaurin zani sosai ba take koyon murɗa tsumma ko ɗankwali ta naɗe, ta soke bakin a ciki, ta ɗora a ka. Akwai na kaba, wanda ya fi daɗewa, ana ɗaukar tulu da shi, in an sauke kuma a girke tulun a kansa. Kaka ce malamar gammo a gidanmu. In ta ga ƙanwata ta naɗa shi sako-sako za ta tafi rijiya, sai ta kira ta: "Zo nan, kishiya. Ramin tsakiya shi ne gammo. In tsakar kanki ta taɓa tulu, wuyanki zai gaya miki da dare." Ta warware ta sake naɗawa. Gammo ba ya rage nauyin kaya, raba shi yake yi ya kewaye kai, ya kuma hana kayan zamewa, har mai talla ta saki hannu ta ba da canji. 'Yan dako a tashar jirgin ƙasa nasu na buhu ne, mai kauri, kuma ba sa ba da aronsa. Da na fara zuwa wajejen Kaduna na ga matan Gbagyi suna ɗaukar itace da doya a kafaɗa ba a ka ba, na daɗe ina kallo. Ba na kewar zamanin gammo yadda nake kewar rimi. Na ga tsofaffin 'yan dako da wuyansu ya ƙage, na ga yara mata da aka ɗora wa abin da ya fi ƙarfinsu tun ƙashinsu bai ƙosa ba. Baro da kurar ruwa da famfo rahama ne duk inda suka isa.

Masu jakai ranar kasuwa suke zuwa. A lokacin jaki ne yake kai taki gona, ya kawo ƙasar gini da itace da hatsi, da mangala ko taiki a bayansa. Tsakanin kayan da bayan jaki akwai akumari, wanda ake yi da tsohon buhu da tsumma a cusa masa ciyawa mai laushi. Ba aikin kuɗi ba ne, wasu maɗinka ma raina shi suke yi. Wata rana wani dattijo daga wani ƙauye bayan Kufena ya zo da jakinsa, ya ce, "Malam, dabbar nan ta lalace. Da ta ga mangala sai ta durƙushe, duka ma ba ya tashinta." Baba ya ɗaga akumarin. Ga miki nan ja wur a kan ƙashin baya, ƙudaje sun rufe shi. Ciyawar ciki ta dunƙule ta gudu, ta bar tsakiya fayau. Ya ce, "Dattijo, ba gardama yake yi ba, ciwo ne. Ka wanke masa, ka ba shi hutu har ya warke." Dattijon ya ce to da me za su ci kafin nan? Suka yi shiru su biyu. Can sai Baba ya farke akumarin ya sake cusa shi, ya yi masa tudu biyu hagu da dama, ya bar kwari a tsaka yadda komai ba zai taɓa mikin ba, ya ce a raba kayan biyu. Ni na riƙe jakin, yana gwadawa yana cirewa yana ƙara ciyawa har rana ta yi sanyi. Ƙa'idar akumari ke nan, da ta sirdi ma: nauyi a kan naman gefe biyu yake zama, ƙashin baya a bar shi ya sha iska.

Aikin da Baba ya fi alfahari da shi lifidi ne. In azumi ya raba, ko watan layya ya kama, sai a aiko daga gidajen masu sarauta ya zo ya duba kayan dawaki kafin hawa. Lifidi riga ce mai kauri ta doki da mahayinsa, yadi biyu da auduga a tsaka, an ɗinke ta gida-gida don kada audugar ta zube ƙasa. Asalinsa kayan yaƙi ne, kibiya in ta shiga sai ta maƙale a auduga kafin ta kai ga nama. Tarihin sarakunan Kano ya ce Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga wajen 1390 zuwa 1410, shi ya fara kawo lifidi da kwalkwali da sulke. Sai dai maganin nan da cutarsa yake tafe. Nauyi da zafi suna gajiyar da doki, wanda ya faɗo da wuya ya tashi shi kaɗai, maharba kuma sun san halin audugar rimi, sai su harbo kibiya mai wuta a baki. A yaƙin Tabkin Kwatto a 1804 Sarkin Gobir Yunfa ya zo da dawakin lifidi, jama'ar Shehu Usmanu kuwa yawancinsu 'yan baka ne a ƙasa, kuma su suka yi rinjaye. Zuwa zamanin Baba lifidi ya zama adon hawan sallah da hawan daushe, amma ko ɗauri ɗaya ba ya tsallakewa. Ranar hawa, a zamanin Sarki Muhammadu Aminu da farkon na Shehu Idris, yakan riƙe hannuna a cikin taro a ƙofar fada, 'yan lifidi na wucewa ya sunkuyo ya ce, "Ka ga na ukun can? Ɗinkinmu ne."

Katifar soso ba rana ɗaya ta shigo ba. Sinadarin da ake yin ta da shi a Jamus aka gano shi a 1937, daga man fetur ake samo kayan haɗinsa, kamfanin Vitafoam kuma tun 1962 aka kafa shi a Najeriya. Da farko a gidajen malaman jami'a a Samaru da na manyan ma'aikata ake ganinta. Abin da ya buɗe mata ƙofar birni kuɗin Udoji ne. A farkon 1975 ma'aikatan gwamnati suka karɓi ƙarin albashi haɗe da na watannin baya a dunƙule, kasuwa ta cika da rediyo da babur da kujerun kushin. Ba a daɗe ba, gwaggon da take zama a kan katifarmu tana gwadawa ta koma Sabon Gari tana tambayar mai inci nawa.

Yayana ne ya fara kawo guda gida, ya jingine ta a zaure yana jin nauyin Baba. Baba ya taso ya danna ta da tafin hannu, ya saki, ya ga ta dawo nan take. Ya sake dannawa a kusurwa, ya ɗaga ta da hannu ɗaya. Sai ya ce, "Wanda ya yi wannan ya iya aiki." Bai ƙara ba. Ni ma ba zan kushe ta ba. Ba ta ƙura, ba ta kiran ɓera, ba ta neman bugu da shanya, kuma da yawa waɗanda ba su taɓa mallakar ta rimi ba sun samu sun kwanta a kan taushi dalilinta. Ƙurar auduga kuwa na ga abin da take yi wa ƙirji. Baba da tari ya ƙare rayuwarsa, tarin da yake tashi duk lokacin da aka buɗe ɗakin auduga.

Amma akwai abin da ba ta iya ba. Da bazara zafi take tarawa, har mai ita ya gudo tsakar gida ya nemi tabarma. In ta kama wuta hayaƙinta baƙi ne mai kisa. Mai arha ba ta daɗewa take lotsawa a tsaka, kuma in ta lotsa ta lotsa ke nan, ba a farke ta a ƙara mata komai. Tsohuwar audugar rimi bola take zuwa ta ruɓe, jaki ya kai ta gona da sauran taki. Tsohon soso a kwata yake ƙarewa ya toshe ruwa, ko a cinna masa wuta unguwa ta shaƙa. Kuma kamfani da inci yake aunawa, bai san mai ƙusumbi ba, bai san mai ciwon ƙugu ba, bai san jaki mai miki ba. Shi ya sa da katifa ta bar hannun Baba, ayyukan da suka rage masa su ne waɗanda sai an ga jikin kafin a ɗinka: matashin majinyaci, akumari, kayan doki. Da su ya ci abinci har ƙarfinsa ya ƙare.

Rimayen su suka fi kowa asara. Itacen da ake gado ana jinginarwa ya wayi gari ba mai taya 'ya'yansa. Abin da ya rage masa a idon masu shi sai ɓarna: saiwa tana tsaga katanga, reshe yana faɗowa kan rufi da damina, auduga tana fashewa a sama ta cika gidaje tun da ba mai biyan masu hawa. Ga birni yana cika, ana neman filin gini. Masu zarto suka zo da tayinsu, don katakon rimi mara nauyi ne, magina suna son sa wajen zuba kankare. Ɗaya bayan ɗaya aka kayar da su. Wanda yake bayan gidanmu ina makarantar kwana aka sare shi; na dawo hutu na tarar da rana a inda ban taɓa ganin rana ba, ungulayen da suke kwana a kansa sun watse. Ban ga laifin magadan da suka sayar ba, kuɗin makaranta da na magani suke nema. Abin da yake ci mini rai shi ne ba a dasa wani a madadinsa ba. Dogon yaro da mangwaro aka yi ta dasawa, masu saurin inuwa.

Yayana ya bi zamani tun da wuri. Ya koyi yanka soso, ya koma ɗinkin kujerun kushin da na mota da sirdin babur, guntayen da suka rage ya cusa filo da su. Ɗansa ne yake riƙe da shagon yanzu, da keken ɗinki mai lantarki da yara masu koyo, kuma yawancin cinikinsa da masu Keke Napep ne da 'yan acaɓa. Har yanzu akan samu mai neman audugar rimi, galibi tsofaffi masu ciwon wuya, da masu dawaki in sallah ta matso. Yana karɓar aikin, amma yakan gaya wa mutum gaskiya tun farko: sai an aika ƙauye an nemi mai itace, an kuma nemi wanda zai yarda ya hau. Mai so sai ya yi magana tun da hunturu, ya ba da kafin alƙalami, ya jira bazara.